Su kama kifi su sake shi: amsa ga ɗan sarkawa da ya sauka a Yorkshire

Tambayar ta zo ne daga wani ƙanenmu, ɗan gidan sarkawa daga Yawuri, wanda aikin asibiti ya kai shi Bradford a yankin Yorkshire, arewacin Ingila. Ya ce ya fita shan iska bakin kogin Wharfe wajen garin Ilkley, sai ya ga dattawa tsaye cikin ruwa har ƙugu, suna kaɗa doguwar igiya a sama kamar masu korar tsuntsaye a gonar gero. Ɗayansu ya kama kifi, ya dube shi, ya mayar da shi ruwa. Yanzu abokin aikinsa ya gayyace shi shiga kulob ɗinsu na masu wannan su. Yana so ya sani: wane irin su ne wannan, me kulob ɗin yake yi, kuma ya kamata mutum ya zuba kuɗinsa a abin da ba zai kai ko wutsiyar kifi gida ba?

Ƙanena, sannu da zuwa ƙasar sanyi. Ranar da na fara ganin abin da ka gani, abin da na faɗa a raina shi ne ƙoshi ya yi wa mutanen nan yawa. Ilmin kiwon kifi na karanta a gida kafin in zo nan, kuma a lokacin ina ganin babu abin da Bature zai koya mini game da ruwa. Yau ga ni cikin kwamitin wani ƙaramin kulob a ɗaya daga cikin kogunan wannan yanki, ni ne ma mai ƙidayar tsutsotsin kogi duk wata. Amsata a gajarce ita ce ka shiga, amma ka san abin da kake saya. Kuɗin da za ka biya ba na kifi ba ne. Na izinin tsayawa a bakin wani yanki na kogi ne, da kuma ɗaukar nauyin kula da shi.

Bari mu fara da kifin. Sunansa tirawut. A kunne ya yi kama da tarwaɗa, amma a hali ko kusa. Tarwaɗarmu tana iya zama cikin taɓo mai zafi ta leƙo sama ta shaƙi iska, ka ajiye ta a roba ta kwana da rai. Tirawut ɗan gata ne: sai ruwa mai sanyi, mai tsabta, mai gudu. Ya fi walwala tsakanin digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Salshiyas. Da ruwa ya haura 20 ya fara galabaita, wajen 25 kuwa mutuwa ce ke kusa. Dalilin shi ne ruwan sanyi ya fi riƙe iskar oksijin. Lita ɗaya a digiri 10 tana ɗaukar kusan miligiram 11, a digiri 30 kuwa ba ta kai 8 ba, alhali a cikin zafin ne jikin kifi ya fi bukatar iskar. Shi ya sa ba za ka taɓa ganinsa a Kwara ko Gulbin Ka ba.

Iri biyu za ka riƙa ji. Akwai mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigon baƙi da ja, shi ne ɗan asalin Turai da yammacin Asiya, har da duwatsun Atlas na Maroko. Shi ne ke cikin Wharfe. Akwai kuma mai jan zane a gefe kamar bakan gizo, wanda aka kawo daga yammacin Amurka ta Arewa. Shi ake kiwo a gonakin kifi a zuba a tafkuna da madatsun ruwa, shi ne kuma galibi kake gani a kanti.

Abin da ya haifi wannan salon su shi ne abincin kifin. Ka tuna daren da aka yi ruwan farko a gida, shinge ya fito ya cika bakin fitila, wanda ya faɗa ruwa kuma kifi ya taso yana wawura? To, a kogunan nan irin wannan yana faruwa kusan kowace rana daga Maris zuwa Satumba, sai dai ƙwarin daga cikin ruwan suke fitowa. Suna rayuwa a matsayin tsutsa ƙarƙashin duwatsu ko cikin laka, wasu shekara guda, wasu biyu. In lokacinsu ya yi sai su taso saman ruwa, fatarsu ta tsage, su tsaya 'yan daƙiƙoƙi fukafukansu su bushe, sannan su tashi. A waɗannan 'yan daƙiƙoƙi tirawut yake ɗauke su. Yana tsayawa wuri ɗaya, kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa, kogi na kawo masa abinci har baki. Kowane wata da ƙwaronsa. A ƙarshen Maris da Afrilu wani mai launin ganyen zaitun ne ke fitowa da tsakar rana. Wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu wani baƙin ƙuda mai rataye ƙafafu iska ke jefowa daga bishiyoyi. Ƙarshen Mayu da farkon Yuni lokacin babbansu ne, wanda Turawa suka sa wa sunan watan Mayu, kuma a kogunan da yake da yawa kifi kan haukace har suna kiran makonnin biyu da lokacin ɗan koyo, don ko wanda bai iya ba zai samu. Da zafi ya shigo sai abin ya koma goshin magariba.

Wanda ka gani a Ilkley ba tana ya sa wa ƙugiyarsa ba, ba kuma guntun nama ba. Ƙugiya ce 'yar ƙarama, wani lokaci ba ta kai ƙwayar shinkafa biyu ba, an naɗa mata zare da gashin tsuntsu da gashin zomo ko na barewa har ta yi kama da ƙwaron da ke kan ruwa a ranar. Ni ƙwaron gashi nake ce masa. Ba shi da ƙamshi, ba shi da ɗanɗano. Ido kawai yake ruɗa, kuma da kifi ya ji ba abinci ba ne a bakinsa zai tofar cikin ƙiftawar ido. Saboda haka dole ka ɗaga sanda a daidai lokacin.

A nan ne kaɗa igiyar ya shigo. A fatsar da ka sani, darma ko nauyin abin da ka sa wa ƙugiya shi ke jan zare ya tafi nesa. Ƙwaron gashi ba shi da nauyin komai, ka jefa shi da hannu ba zai wuce taku biyu ba. Sai aka mayar da nauyin cikin igiyar kanta: mai kauri ce, an lulluɓe ta da roba, tana yawo a saman ruwa. Ita ake jefawa, ƙwaron ɗan rakiya ne. Ana ba igiyoyin lamba bisa nauyin ƙafa 30 na farko, mai lamba 5 misali tana da kusan giram 9, kuma kowace sanda an rubuta lambar igiyar da ta dace da ita a kusa da mariƙi. A bakin igiyar ana ɗaura siririn zaren roba mai tsawon kamar ƙafa 9, mai kauri a gindi yana sirancewa zuwa baki, don kada kifi ya ga abin da ke riƙe da ƙwaron.

Jifar kanta ba ta ƙarfi ba ce, kuma mu da muka taso da jifar birgi mun fi kowa shan wahala a nan, don kafaɗa muke sa wa. Ka ɗaga sandar da sauri ka tsayar da ita cak a daidai kunnenka, ka jira igiyar ta miƙe a bayanka, sannan ka turo gaba ka sake tsayarwa cak. Jiran nan shi ne duk sirrin. In ka yi gaggawa za ka ji ƙara kamar ta bulala, in ka duba kuma ƙwaronka ya tsinke ya tafi. Awa biyu a kan ciyawa tare da wanda ya iya sun fi wata guda kana fama kai kaɗai, kuma yawancin kulob suna da mai koyar da sababbi kyauta. Kada nisa ya dame ka. Mafi yawan kifin da nake kamawa bai wuce taku 10 daga inda nake tsaye ba.

Abin da ya fi jifa wuya shi ne sa ƙwaron ya bi ruwa kamar ba a ɗaure yake ba. Kogi ba gudu ɗaya yake yi ba, tsakiya na sauri, gefe na jan ƙafa. Igiyarka tana kwance a kan duka biyun, sai mai saurin ya ja ta, ƙwaron ya fara ratsa ruwa yana barin 'yar hanya a bayansa. Kifin da ya shekara uku yana kallon ƙwari na wucewa ba zai taɓa wannan ba. Dabarar ita ce ka sa ido kan kumfar da ke kusa da ƙwaronka: in suna tafiya tare, ka yi daidai. Sannan ka riƙa zuwa wa kifi ta baya, wato kana hawa kogi ba gangarowa ba, ka rage tsawo, kada inuwarka ta faɗa kansa, kada takunka ya tura masa igiyar ruwa. Wannan kam ba sai na koya wa ɗan sarkawa ba.

Ƙwarin gashi kala-kala ne, amma gida uku ya ishe ka ka sani yanzu: mai yawo a saman ruwa, mai nutsewa da ke kwaikwayon tsutsa, da mai kama da ɗan ƙaramin kifi wanda ake ja. Za ka yi mamakin yadda aka taɓa yin rigima a kan wannan. A kogunan kudancin Ingila, irin su Test da Itchen, masu fitowa daga ƙarƙashin dutsen alli, ruwansu garau kamar hawaye, wani mai suna Frederic Halford ya kafa aƙida a ƙarshen ƙarni na 19 cewa mutumin kirki ba ya jefa komai sai mai yawo a sama, shi ma ga kifin da ya gani da idonsa yana ci. Wani lauya, G. E. M. Skues, ya ce ai yawancin abincin kifi a ƙarƙashin ruwa yake, ya riƙa jefa tsutsa. Har zaman muhawara aka yi a kai a kulob ɗin masu wannan su da ke Landan a 1938, kuma a shekarar Skues ya bar yankin Itchen da ya fi shekara 50 yana su a cikinsa. Gaskiya tana wajen Skues, duk wanda ya taɓa buɗe cikin tirawut ya sani, amma har gobe akwai wuraren da dokarsu ta Halford ce. Sa'arka ɗaya, mutanen Yorkshire ba su shiga wannan sabgar ba. Suna da nasu tsohon salon: ƙwari uku a zare ɗaya, kowanne ɗan zaren siliki ne da zagaye ɗaya ko biyu na gashin tsuntsu mai laushi, ana barinsu su bi ruwa ƙasa kaɗan da sama. In ka shiga shago ka tambayi Partridge and Orange, Snipe and Purple da Waterhen Bloa. Na farkon siliki ne ruwan lemo da gashin makwarwa, ba wani abu ba. Ka ƙara da Pheasant Tail, tsutsar da wani mai gadin kogi, Frank Sawyer, ya ƙirƙiro da gashin wutsiyar tsuntsu da siririyar wayar tagulla, sai 'yan masu yawo a sama guda biyu ko uku. Wannan zai kai ka ƙarshen shekara.

Kaya: sanda mai ƙafa 9 lamba 5, keken naɗe igiya mafi araha (a kogi ma'ajiyar igiya ce kawai), igiya mai kyau, wandon roba mai haɗe da takalmi, 'yar koma mai raga mai laushi, da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa, wanda zai nuna maka ƙasan kogi ya kuma kare idonka daga ƙugiya. Kada ka sayi komai kafin ka je kulob. Kowane dattijo a can yana da sanda uku da ba ya amfani da su.

Sai maganar doka, wadda a nan baƙi suka fi faɗawa rami. Takarda biyu ce, ɗaya ba ta ɗauke wa ɗaya. Ta farko lasisin sanda ne na Hukumar Kula da Muhalli ta Ingila, wajibi a kan duk wanda ya kai shekara 13, ana saya ta intanet na kwana 1, na kwana 8 ko na wata 12, kuma tarar rashinsa tana iya kaiwa fam 2,500. Amma lasisin bai ba ka izinin jefa ƙugiya a ko'ina ba. A gida mun saba cewa gulbi na Allah ne, sai dai a nemi iznin Sarkin Ruwa. A Ingila haƙƙin su a kogi dukiya ce kamar gona, na mai filin da ke bakin ruwa ne har tsakiyar kogin, yana iya sayarwa ko ya ba da haya. Yin su a wurin ba da yardarsa ba laifi ne a ƙarƙashin dokar sata ta 1968, ko da ka saki abin da ka kama. Akwai kuma lokacin rufe su: a Yorkshire ana buɗe kamun tirawut na kogi ranar 25 ga Maris a rufe 30 ga Satumba, kuma kulob na iya ƙara matse nasa kwanakin.

Daga nan kulob ya samo asali. Mutum ɗaya ba zai iya hayar kilomita biyar na kogi ba, amma mutum 200 za su iya in sun haɗa kuɗi. Akwai na masu hannu da shuni, irin Houghton da aka kafa a 1822 a kan kogin Test, wanda membobinsa 'yan ashirin da wani abu ne kuma ba a neman shiga sai an kira ka. Manta da wannan. Ƙungiyoyin Bradford da Leeds tun ƙarni na 19 na ma'aikatan masaƙu da masana'antu ne, masu neman inda za su huta da hayaƙi ranar hutu, kuma har yanzu direban bas da likita layi ɗaya suke bi. Wasu ƙananan kulob suna da jerin masu jira, sai wani ya bari ko ya rasu a kira na gaba.

Su ɗin kansa ƙila shi ne kashi ɗaya cikin uku na abin da muke yi. Da hunturu, lokacin da aka rufe kogi, ana babban taron shekara: ma'aji ya karanta lissafi, a zaɓi shugabanni, a yi gardama kan dokoki, gardamar da ba ta ƙarewa. Ana zaman dare na ɗaurin ƙwari, kowa da 'yar matsarsa da fitilarsa, tsofaffi na koya wa yara. (Gashin zabo, wanda muke zubarwa a bola ranar sallah, a nan cikin leda ake sayar da shi da kuɗi. Amma kada ka sa a yo maka tsarabarsa, akwai doka kan shigo da gashin tsuntsu da ba a sarrafa ba.) Kafin a buɗe su ana ranakun gayya: gyaran matakalar tsallake shinge don kada a ɓata wa manomi, kwashe shara, dasa itatuwa a gaɓa don inuwa, kafe kututture cikin ruwa don ƙananan kifi su sami maɓoya. A Yuni da Yuli muna tuge wata ciyawa mai furanni ruwan hoda da aka kawo daga Himalaya a 1839. Kyakkyawa ce, amma tana kashe duk tsiron da ke kusa, sannan ta mutu da hunturu ta bar gaɓa tsirara, ambaliya ta kwashe ƙasar ta zuba kan tsakuwar da kifi ke ƙwai a ciki. Akwai kuma masu gadi na sa kai da ke duba tikiti, da littafin da kowa ke rubuta abin da ya kama, ko da bai kama komai ba, don da shi muke gane ko kogin na ci gaba ko na baya. Za a ce maka ka wanke wandonka da komarka ka shanya su bushe sarai kafin ka kai su wani ruwan. Ba tsirfa ba ce: wani irin jatan lande ɗan asalin Amurka ta Arewa da aka shigo da shi a shekarun 1970 yana ɗauke da cutar da ta kusa ƙarar da irinsa ɗan ƙasar, kuma jiƙaƙƙen takalmi na iya kai ta wani kogin.

Aikin da na fi so, wanda kuma nake ganin kai za ka fi kowa iyawa, shi ne ƙidayar tsutsotsi. Sau ɗaya a wata mutum ya shiga wuri ɗaya da aka tsayar, ya kafa 'yar raga a ƙasan ƙafarsa, ya yi minti 3 yana burkuta tsakuwa da takalmi, ya ƙara minti 1 yana juya duwatsu da hannu, ya juye abin da ya samu a farin faranti. Rukuni 8 ake ƙirgawa a ba su maki. Kowane wuri yana da makin da in an faɗo ƙasa da shi, a ranar za a kira hukuma. Hikimar ita ce guba kan wuce da ruwa cikin awanni, ma'aikacin da ya zo ɗibar ruwa bayan mako ba zai ga komai ba, amma tsutsotsin da suka mutu ba sa dawowa da wuri. A Yulin 2013 irin waɗannan masu sa kai ne suka gano cewa wani maganin ƙwari ya shiga kogin Kennet wajen Marlborough ya kashe ƙananan halittu a tsawon kusan kilomita 15, alhali ruwan a ido garau yake. Shi kansa wurin da ka tsaya a Ilkley, ƙorafin masu su da mutanen gari kan ƙazantar bahaya da ke kwarara ciki ne ya kai ga ayyana shi wurin wanka a Disambar 2020, karo na farko ga wani kogi a Ingila, abin da ya tilasta wa hukuma auna ruwan a kai a kai.

Yanzu ga abin da ya fi ci maka rai, sakin kifi. Yi lissafi irin namu na masu kiwo. Tarwaɗa mai kilo ɗaya tana ba da ƙwai dubu 50 zuwa sama, kuma a kandami ta kai kilo cikin wata shida. Macen tirawut mai kilo ɗaya ƙwanta bai wuce kamar 2,000 ba. Tana haƙa rami a tsakuwa da wutsiyarta tsakanin Oktoba da Disamba, ta zuba, ta rufe, ƙwan ya yi watanni kafin ya ƙyanƙyashe, kaɗan ne cikinsu ke tsira daga ambaliya da tsuntsaye. Wanda ya tsira sai ya shekara uku kafin ya kai tsawon tafin hannu da ɗan ɗori. In mutum 200 kowa ya tafi gida da biyu duk fitowa, kafin shekara biyu kogin ya zama kango. Da can maganin da ake yi shi ne a sayo na gona a zuba, amma an gano suna gurɓata irin na daji, har tun 2015 doka a Ingila ta ce wanda za a zuba a kogi sai wanda ba ya haihuwa, ko wanda aka samo daga iyayen kogin kansa. Kulob da yawa, har da namu, sun daina zubawa gaba ɗaya sun mayar da kuɗin kan gyaran kogi. Ƙungiyar Wild Trout Trust tana turo masana su zagaya ruwan kulob su ba da shawara kan haka.

Ba baƙon abu ba ne a wurinka in ka duba da kyau. A Argungu ana hana su a kogin Matan Fada duk shekara sai ranar da aka ba da izini, shi ya sa ake fito da giwan ruwan da sai mutum biyu sun ɗauka. Kakanninka ma suna da gurabun da ba a shiga sai lokacinsu ya yi. Bambancin kawai shi ne su suna rufe wuri su buɗe rana ɗaya, waɗannan suna buɗewa wata shida su hana ɗauka.

Ban ce babu abin dubawa ba. Addininmu ya hana azabtar da dabba, kuma kifin da ƙugiya ta huda ya ji jiki ko an sake shi. Ni ga yadda nake yi. Ina matse 'yar ƙayar ƙugiya da filaya don ta fita da sauƙi. Ba na jan kokawa, ina kawo shi koma da wuri. Ina jiƙa hannu kafin in taɓa shi, galibi ma a cikin ruwa nake zare ƙugiyar, babu ɗaga shi sama don hoto. In ruwa ya kai digiri 19 ko 20 ina naɗe kayana, don wanda aka saki a wannan zafin sau da yawa ba ya rayuwa. In na kama biyu ko uku na gamsu, sai in zauna kallo. Ranar da uwargida ta ce kifi take so kuwa, tafkin da ake zuba mai bakan gizo nake zuwa, in sayi tikitin ɗaukar biyu ko huɗu, in buge su a ka nan take in sa a jaka. Halal ne, mai ɓawo ne, kuma da yajin ƙuli a gashe ba ka ce komai ba.

Abu biyu game da zama da mutanen. Wasu tarukan a ɗakin taro na ƙauye ake yi, wasu a bayan mashaya. In na biyun ne, ka gaya wa sakatare gaskiya, ba wanda zai ga baƙinka, ranar gayya a bakin kogi ta fi taron muhimmanci a idonsu. Sukan kuma sayar da tikitin cankar kyauta don tara kuɗi. Ni nakan sa nawa a asusu in ce ban da tikiti, tun shekarar farko suka saba. Da farko ba za su yi maka magana da yawa ba, halin mutanen Yorkshire ke nan. Ka zo gayya sau biyu ka riƙe shebur, za ka ga mai nuna maka dutsen da babban kifi ke kwana a bayansa.

Kada iya ruwanka ya ruɗe ka. Kwara faɗi gare ta, amma da ɗumi. Wharfe a Afrilu sanyinsa na ɗauke numfashi cikin daƙiƙa, duwatsunsa santsi, kuma in an yi ruwa a kan tuddai yana iya tasowa cikin rabin awa alhali inda kake rana ake yi. Ka sa alama a wani dutse in ka shiga, ka riƙa waiwayarsa. In ka ga ganye da ƙirare sun fara wucewa ko ruwan ya sauya launi, fita. Ka ɗaure bel a kan wandon roba, ka riƙe sandar dogarawa. Wajen Bolton Abbey, a kan kogin Wharfe, akwai inda ake kira Strid, inda kogin duka ya matse cikin tsagin dutse da za ka ga kamar ka tsallake. Ya ci mutane da yawa.

In hannunka ya faɗa, abin ba zai tsaya maka a Ingila ba. Turawan mulki sun kai tirawut tsaunukan Aberdare na Kenya a 1905, yana nan kuma a Lesotho da Afirka ta Kudu, kuma da yawa daga ƙwarin gashin da za ka saya a shagon Leeds a Kenya aka ɗaura su. Kusa da gida, a kogin Faro na arewacin Kamaru, baƙi na biyan kuɗi masu yawa su je su kama tsage da rana, giwan ruwa da dare, da irin wannan sandar, sai dai mai lamba 9 zuwa 12 da ƙwaro mai tsawon tafin hannu. Na daɗe ina tunanin abin da tsagen Yawuri zai yi wa irin wannan ƙwaron.

Ka ce wa abokin aikinka za ka bi shi sau ɗaya a matsayin baƙo kafin ka biya kuɗin shekara, yawancin kulob suna da tikitin baƙo, Bolton Abbey ma na sayar da na kwana ɗaya. Ka sayi lasisin kwana 1 da daddare kafin ranar. Ku isa bakin ruwa wajen ƙarfe 11, kada ka haɗa sanda tukuna. Ɗaga dutse uku daga cikin ruwa ka ga abin da ke manne a ƙasansu, ka mayar da su yadda ka same su, sannan ka buɗe akwatin ƙwarinsa ka zaɓi wanda ya fi kama da su.